Gubar Ɓera, Jinin Tsofaffi da Ƙwayar Flagyl

A watan Fabrairun 1933, wani manomi mai suna Ed Carlson ya ratsa ƙanƙara ya iso Jami'ar Wisconsin da ke Amurka, ɗauke da mushen karsana, da tulin ruɓaɓɓiyar ciyawa, da garwar madara cike da jinin da ya ƙi daskarewa. Shanunsa na zubar da jini har su mutu. A ɗakin binciken Karl Paul Link ya sauke kayan. Sai a 1939 ɗaliban Link suka ware sinadarin da ke cikin ciyawar, daga danginsa kuma aka haɗa warfarin, aka fito da shi kasuwa a 1948 a matsayin gubar ɓera. A 1954 aka amince a ba mutane shi don hana gudan jini, shekara guda bayan haka aka ba Shugaba Eisenhower da ciwon zuciya ya kwantar da shi.

Sai dai asali ba ya ɓuya. Warfarin na hana hanta sake amfani da bitamin K, wanda jini ke buƙata kafin ya daskare, kuma tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa siririya ce ƙwarai. Likitoci sun jima suna ganin marasa lafiyar da jininsu ya daidaita na tsawon watanni sun fara haɓo ko kashin jini bayan an rubuta musu maganin kashe ƙwayoyin cuta. Robert O'Reilly na cikin waɗanda suka bi diddigin dalili: a 1976 ya nuna metronidazole na hana jiki narkar da ɓangaren warfarin mafi ƙarfi, a 1980 ya nuna haka ga co-trimoxazole. Magani ya taru a jiki ke nan, alhali ba a ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Wasu magungunan kuma suna kashe ƙwayoyin hanji masu samar da bitamin K. Rifampicin, na tarin fuka, akasin haka yake yi: yana sa hanta ta cinye warfarin da sauri, gudan jinin ya dawo.

Tsoho ne wannan ya fi kayarwa. Hantarsa ta rage kuzari, in zazzaɓi ya kama shi abinci ya fita ransa, ga wasu ƙwayoyin da yake sha, ga tuntuɓen da kan zama zubar jini a ƙwaƙwalwa. Gwajin INR, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 1983, shi ke nuna inda jinin ya karkata, shi ya sa ake maimaita shi 'yan kwanaki bayan fara irin waɗannan magunguna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sunayen da muka san su da su a nan: Flagyl da Septrin. Jika kan sayo su a kemis in cikin kaka ya ɓaci, ba takardar likita, mai shagon kuma da wuya ya tambayi abin da take sha tun da fari.