Gwajin Abinci a Matsayin Matakin Farko na Kula da Kyanwa Mai Daɗaɗɗen Ciwon Hanji

Tsakure

Wannan maƙala bita ce ta binciken da aka yi kan ciyar da kyanwar da amai ko zawo ya wuce mata mako uku. Ta kafa hujja da cewa sauya abinci cikin tsari hanya ce ta gano cutar, kuma sau da yawa shi ne maganin, don haka ya cancanci a gabatar da shi kan magunguna masu ƙarfi. Ta kuma duba abin da ke ɓata wannan gwaji a gidajenmu.

Gabatarwa

Kyanwa maciyiyar nama ce tsantsa. Jikinta ba ya haɗa isasshen sinadarin tawurin, sai ta samo shi daga nama. A 1987 Pion da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna cewa ƙarancinsa na raunana tsokar zuciyar kyanwa, kuma zuciyar kan farfaɗo idan an mayar da shi cikin abinci. Duk tsarin ciyarwar da za a yi wa mai ciwon hanji dole ya tsaya cikin wannan iyaka.

Kafin a zargi abinci, likitan dabbobi zai kawar da yiwuwar tsutsar ciki da ƙwayoyin Giardia da Tritrichomonas, sannan ciwon ƙoda da yawan aikin ƙullutun maƙogwaro a kyanwar da ta manyanta.

Abin da bincike ya nuna

Aikin da aka fi dogaro da shi shi ne na Guilford da tawagarsa a Jami'ar Massey ta ƙasar Niyu Zilan, wanda aka buga a 2001. Sun ɗauki kyanwoyi 55 masu ciwon ciki da aka rasa sanadinsa, suka ɗora su a kan abinci mai furotin ƙayyadadde. Guda 16 sun warke, ciwon kuma ya dawo da aka mayar da su kan tsohon abincinsu, abin da ya tabbatar da rashin jituwa da abincin. Wasu 11 sun warke, ciwon bai dawo ba ko da aka koma kan tsohon. A dunƙule, kusan rabi sun samu lafiya ta kwano kaɗai. Abu biyu daga wannan aiki sun fi muhimmanci a ganina. Na farko, abin da ya cutar da kyanwoyin abincinsu ne na yau da kullum, wanda mai gida ba zai taɓa zarga ba. Na biyu, gwajin jini na neman rashin jituwa bai yi wani amfanin kirki ba. Bitar da Mueller da abokan aikinsa suka yi a 2016 ta sanya naman shanu da kifi da kaza a sahun gaba na abincin da kyanwa ba ta jituwa da shi.

Batun maiƙo ya bambanta da na kare. Laflamme da abokan aikinta sun gwada abinci mai yawan maiƙo da mai ƙarancinsa a kan kyanwoyi masu zawo a 2011, yawancinsu suka samu sauƙi ba tare da bambanci tsakanin rukunin biyu ba. Ke nan rage maiƙo ga kyanwar da ta riga ta rame ba shi da madogara mai ƙarfi.

Bitamin B12 kuwa na buƙatar kulawa ta musamman. A ƙarshen ƙaramin hanji ake tsotse shi, sinadarin da ke taimaka wa tsotsewar kuma daga fankiriyas yake fitowa a jikin kyanwa. Bututun fankiriyas da na matsarmama suna haɗuwa kafin su shiga hanji, shi ya sa kumburi kan kama hanji da hanta da fankiriyas a tare. Simpson da tawagarsa a Jami'ar Cornell sun nuna a 2001 cewa wannan bitamin ya yi ƙasa a yawancin kyanwoyi masu ciwon hanji da suka auna, kuma yana ƙarewa da sauri a jikinsu. Kyanwar da ke cikin wannan hali ba ta cika amsa abinci ko magani ba sai an cike giɓin, galibi da allura mako-mako.

Yadda gwajin ke lalacewa

Ana amfani da abincin gwangwani da aka farfasa furotin ɗinsa, ko kuma nama guda da kyanwar ba ta taɓa ci ba, tsawon mako biyu a ƙalla. Na farkon yana da tsada, samunsa a Kano ko Maradi kuma wahala ne. Na biyun yana hannunmu: dafaffen zomo ko agwagwa ko zabo, ba gishiri, ba kayan miya. Matsalar ita ce tsarin gida. Kyanwar da ke yawo a tsakar gida tana lasar nono, ta ci kan kifi, ta kama ɓera a rumbu, yara kuma su jefa mata sauran tuwo. Loma guda ta isa ta rushe sakamakon, saboda haka killace ta a ɗaki sharaɗi ne. Nono kan sa babbar kyanwa zawo domin ikon narkar da sukarinsa yana raguwa bayan yaye, albasa da tafarnuwar miya kuma suna lalata jajayen ƙwayoyin jininta.

Kuskure mafi haɗari shi ne barin ta da yunwa don ta karɓi sabon abinci. Kyanwar da ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse kan taru a hantarta har ya kai ga halaka. Idan ta ƙi ci, a ɗumama abincin, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, in abin ya ci tura a koma wa likita.

Nama zalla ya dace da gwaji, amma ba ya riƙe kyanwa tsawon watanni, domin ba shi da isasshen kalsiyam kuma ƙashi kan yi laushi. A 2019 masu bincike a Davis sun tattara tsarin girkin gida 114 na kyanwa, babu ko ɗaya cikin waɗanda suka iya aunawa da ya cika dukkan buƙatun jiki. Wanda gwajinsa ya yi nasara sai ya nemi likita ya daidaita masa girkin da kalsiyam da tawurin da bitamin. Idan kuwa an gwada abinci iri biyu ramar na ci gaba, lokacin ɗaukar hoton ciki da yankar ɗan samfurin hanji ya yi, domin a tsohuwar kyanwa kumburin hanji da wani nau'in ciwon daji mai tafiya a hankali alamominsu ɗaya ne.