Sheshe Da Kurmi: Tashar Da Ayari Ya Daina Sauka

Kwanakin baya na kai ziyara gidanmu na gado a Sheshe, sai na tarar zauren da muka yi karatun allo a ciki an mayar da shi sito, an cika shi da katan-katan har rufi. Na daɗe a tsaye ina kallon ƙofar. Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu ɗan waiwayi tarihi, domin wanda bai san inda ruwa ya fara dukansa ba, da wuya ya san inda zai shanya rigarsa.

Sheshe dai suna ne na mutum kafin ya zama na unguwa. Littafin Tarihin Kano ya ambace shi cikin malaman Wangarawa da suka zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), su wajen arba'in, tare da Abdurrahman Zaite da Mandawari da sauransu. Ka ga ke nan, mai karatu, unguwar ta girmi kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa a gefen Jakara.

Kano ba ta da teku, amma ta yi zamanta na tashar jiragen ruwa. Sahara ce tekunta, raƙuma ne jiragenta, Kurmi kuma ita ce gaɓar da ake sauke kaya. Ayari kan taso daga Tarabulus da Gadamas da Agadas da gishiri da alharini da takarda, ya koma da turkuɗi da jar fata, fataken Gwanja kuma su shigo da goro. Ba za mu ɓoye ba, har bayi an sayar a wannan kasuwa. Baturen nan Barth da ya zo a 1851 ya ƙiyasta mazauna birnin sun kai 30,000, ban da baƙin da kan cika shi lokacin ciniki. Unguwannin da ke kewaye da kasuwar su suka ci moriyar wannan, ga fatoma, ga dillali, ga maɗinki, ga malamin da baƙo zai je ɗaukar karatu wurinsa da dare.

To, ina aka samu matsala? Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Daga nan kaya suka juya suka fuskanci Ikko, gyaɗa ta zama sarauniya, ciniki ya fice bayan ganuwa zuwa Fagge da Kantin Kwari da Sabon Gari. Kurmi ba ta mutu ba, har gobe ana cin ta, sai dai ta tashi daga uwar kasuwanni ta koma inda ake zuwa neman kayan gargajiya. Sannu a hankali duk wanda Allah ya buɗa wa sai ya sayi fili a Hotoro ko Rijiyar Zaki, ya bar tsofaffi da 'yan haya a gidan gado. Ni kaina ina cikin waɗanda suka fita, don haka ba na nuna kowa da yatsa.

Abin da ya fi ciwo shi ne wuraren da muka yi tarayya a kansu. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa don ƙasar gini su ne ke shanye ruwan damina. Aka yi ta cike su ana gini, ruwa ya rasa mafaka sai ɗakunan mutane. Dandalin da 'yan mata ke gaɗa ya ƙanƙance. Ganuwar da aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu ta zama wurin ɗibar ƙasa, duk da an sa ta cikin jerin wuraren da Najeriya ke nema wa shaidar UNESCO a 2007. A 2010 ma aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka sake gina ta da siminti.

Hukuma ta taɓuka. A mulkin Kwankwaso na biyu (2011 zuwa 2015) aka soma rufe kogin Jakara ana shimfiɗa titi a kansa, wanda ake kira Wuju-Wuju, amma aikin ya sha tsaiko na shekaru. Kuma ko babban titi ya kammala, ba zai shiga lungunmu da amalanke ke wucewa da ƙyar ba.

Abin da na ga ya yi aiki da idona shi ne gayya. Ina saurayi, kafin damina mai unguwa kan sa a yi shela bayan sallar asuba, 'yan ƙungiyar taimakon kai da kai su fito da shebur da manjagara da baro, a yashe kwata tun daga bakin masallaci har inda take zuba. Attajiri ya ba da siminti, magini ya ba da ƙarfinsa, iyayenmu mata su aiko da koko da ƙosai. Shekarar da aka yi haka, ruwa ba ya kwana a lungu. Shekarar da aka ce a jira ƙaramar hukuma kuwa, katangu kan zube.

Shi ya sa da na bar gidan ran nan ban wuce ba sai da na zauna da yayyena. Mun yi shawara idan wa'adin mai haya ya cika, za mu karɓi zauren, mu yaɓe shi, mu shimfiɗa tabarmi, yara su dawo karatu, manya su samu inda za su tattauna maganar kwata da fitilar lungu. Ayari ba zai dawo ba, mun sani. Amma ku 'yan cikin birni da kuka fita kamar ni, ku leƙa gida kafin damina, ku ga abin da ya rage, ku kama.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya sa mu dace.