Ɓeran Masar da Rinin Bature: Yadda Aka Gano Rinin da Ke Cin Fata

Yau za mu waiwayi tarihin abin da da yawa daga cikinmu muke taɓawa kullum, masu sayar da yadi da atamfa, masu rinin shadda, da matan da ke ƙunshin biki, wato rinin kemikal.

A da rininmu daga tsiro yake: baba da toka a marina irin ta Ƙofar Mata a Kano, sai lalle a hannun mata. A 1856 wani matashi ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin na maganin zazzaɓi, sai ya faɗa kan rini mai launin shunayya daga sinadarin kwalta. Zuwa 1897 kamfanin BASF na Jamus ya shigo kasuwa da shuɗin baba na masana'anta. Arha da launi mai kama ido suka sa rinin zamani ya mamaye duniya, ba tare da an tsaya tambayar me yake yi wa jikin mutum ba.

Cikin waɗannan sinadarai akwai PPD, mai baƙanta gashi da gashin fatun da ake ɗinka riguna da su. A 1933 a Amurka aka riƙa sayar da wani rinin gira da gashin ido mai suna Lash Lure. Wasu mata suka makance, ɗaya ta rasu. Wannan na daga cikin dalilan dokar abinci da magunguna da kayan kwalliya ta 1938.

Abin da ya ɗaure wa likitoci kai shi ne irin wannan rinin ba ya ƙuna nan take kamar ruwan batir. Mutum zai shafa sau ɗaya, ko sau goma, lafiya lau. Ashe jiki yana haddace shi. Sinadarin yana ratsa fata ya manne wa furotin, sai garkuwar jiki ta ɗauke shi abokin gaba. Ranar da aka sake haɗuwa, bayan kwana ɗaya zuwa uku, sai ƙaiƙayi da kumburi da ƙuraje masu ruwa. Kuma ba kowa yake kamawa ba. To ta yaya za a san rini mai wannan hali tun bai shiga kasuwa ba?

Nan ne ɓeran Masar ya shigo. A 1935 Karl Landsteiner, wanda ya gano rukunonin jini, tare da John Jacobs, suka nuna a New York cewa fatar wannan dabba tana koyon ƙin sinadari kamar ta mutum. A 1965 Edwin Buehler ya tsara hanyarsa: a aske gashin dabbar, a liƙa mata sinadarin awa shida, sau ɗaya a mako har mako uku, a huta mako biyu, sannan a liƙa a wani gefen a duba ja da kumburi. A 1969 Bertil Magnusson da Albert Kligman suka fito da wadda ta fi tsanani. Su allura suke yi a cikin fata, haɗe da wani mai da ke tunzura garkuwar jiki don kada ko ɗan ƙaramin lahani ya ɓuya. Yawanci dabba 20 ake gwadawa, a ajiye 10 don kwatance. A ganina nan ne aka fi zaluntar dabbar, domin man nan shi kansa yana haddasa gyambo mai zafi, sakamakon kuma ya dogara da idon mai duba jan fata. Rini mai duhu kuwa yakan ɓata fatar har jan ya yi wuyar gani.

Ƙungiyar OECD ta amince da gwajin ɓeran Masar a 1981. A ƙarshen shekarun 1980 Ian Kimber da abokan aikinsa a Ingila suka koma kan ƙananan ɓeraye: a shafa sinadari a bayan kunne kwana uku a jere, sannan a auna yadda ƙwayoyin kaluluwar da ke kusa da kunnen suka hayayyafa. In sun ninka sau uku, sinadarin mai jawo borin fata ne. Dabbobin sun ragu, wahalar ta ragu, amma dai ana kashe su. An karɓi wannan hanya a 2002.

Tarayyar Turai ta kammala hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabba a watan Maris na 2013. Daga 2015 aka fara amincewa da gwaji a kan furotin da ƙwayoyin fatar mutum da ake renonsu a ɗakin bincike, a 2021 kuma OECD ta fitar da tsarin haɗa su da lissafin kwamfuta. Har yanzu akwai sinadaran masana'antu da ake komawa kan ɓera saboda su, musamman waɗanda ba sa narkewa sosai.

Hukuncin da aka yanke wa PPD bai canja ba: yana cikin mafi ƙarfin masu jawo borin fata. A Turai an yarda da shi a rinin gashi ne, kada ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an haɗa, ba a yarda a zana shi a fata ba. Shi ne kuma ake zubawa a yawancin baƙin lallen da mata ke kira dayis, don ya kama da wuri ya yi baƙi wuluk, sau da yawa fiye da wancan ma'auni nesa ba kusa ba. Wadda jikinta ya haddace shi yawanci ta shiga ke nan har ƙarshen rayuwa, kuma borin kan iya tashi daga rinin furfura, ko baƙar roba, ko wasu rinin yadin roba masu dangantaka da shi.