Shin Ilhadi Yana da Ɓangarori? Waiwaye Daga Dahariyya Zuwa Ƙarni na 19

Mutane da yawa suna ɗaukar ilhadi abu ɗaya dunƙulalle, tunda tushensa kore samuwar Mahalicci ne. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba, kuma malaman aƙida na farko ba su yi masa irin wannan kallon ba.

Al-Shahrastani (ya rasu 548H/1153M), a cikin Al-Milal wan-Nihal, ya kasa Larabawan jahiliyya masu ƙaryatawa gida-gida: masu musun Mahalicci da tashin ƙiyama suna jingina komai ga zamani, waɗanda aya ta 24 ta Suratul Jasiya ta yi nuni gare su, da masu yarda da Mahalicci suna musun tashi, da masu musun manzanni. Imam al-Gazali (ya rasu 505H/1111M) kuwa, a Al-Munƙizu minad-Dalal, ya bambanta Dahariyya, masu cewa duniya ba ta gushe ba tana nan da kanta, da Ɗabi'iyya, waɗanda binciken halittu ya kai su ga yarda da Mai hikima amma suka ƙaryata Lahira.

A Turai ma an sami irin wannan rarrabuwa, har da jayayya a fili. A Faransa, Auguste Comte ya ƙirƙiro "Addinin Ɗan'adamtaka" mai limamai da kalandarsa, ba tare da Ubangiji ba. Almajirinsa Émile Littré ya karɓi falsafar ya yi watsi da addinin, shi kuwa Pierre Laffitte ya riƙe duka biyun bayan mutuwar malaminsu a 1857. A Ingila, George Holyoake da Charles Bradlaugh sun yi muƙabala a 1870 kan ko dole ne mai raba addini da al'amuran duniya ya zama mulhidi. Holyoake ya ce ba dole ba. Bradlaugh ya ce dole ne.

Abin lura shi ne, firƙoƙin addini suna saɓani a kan fahimtar nassin da suka haɗu a kansa. Mulhidai ba su da nassi, don haka saɓaninsu yana kan abin da zai cike gurbin da suka bari: zamani, ko ɗabi'a, ko ɗan'adam.

Saboda haka, wajibi ne ɗalibin ilmin kalam ya tantance da wa yake magana kafin ya kawo hujja. Dalilin da ke amsa Badahare ba shi ne ke amsa mai musun tashi ba, kuma wanda ya haɗa su a ma'auni ɗaya zai ba da amsar tambayar da ba a yi masa ba.