Tiyatar sauya gwiwa da jagorancin kwamfuta ga masu ƙiba

Idan guringuntsin gwiwa ya cinye har ƙashi ya fara gogar ƙashi, kuma magani da motsa jiki suka gaza, likitoci kan yanke bakin ƙashin cinya da na ƙwauri su dasa gwiwar ƙarfe da roba. Ƙiba na daga cikin manyan abubuwan da ke kai mutum ga wannan hali, domin a kowane taku gwiwa na ɗaukar nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, mai tsayin mita 1.7 da nauyinsa ya kai kilo 87 ya shiga sahun masu ƙiba.

Ingancin aikin ya dogara ƙwarai da daidaiton yanka. An daɗe ana neman kada ƙafa ta kauce fiye da digiri 3 daga miƙaƙƙen layin da ya taso daga mahaɗar ƙugu, ya ratsa gwiwa, ya sauka a idon sawu. Idan ta karkace, nauyi sai ya taru a gefe guda, dashen ya yi saurin kwancewa. A jikin mai ƙiba kuwa, kitse yakan rufe alamomin ƙashin da likita ke lalubawa da hannu domin saita ma'auninsa.

A nan ne kwamfuta ke da amfani. Ana kafa ƙananan alamomi a ƙasusuwan biyu, wata kyamara tana bin motsinsu. Likita zai juya cinyar, kwamfuta ta ƙididdige tsakiyar mahaɗar ƙugu ba tare da an taɓa ta ba, sannan ta riƙa nuna kusurwar kowane yanka a kan allo. Likitan ne ke yanka da hannunsa, na'urar ja-gora ce kawai.

An fara yin wannan tiyata a birnin Grenoble na Faransa a shekarar 1997, a hannun Dominique Saragaglia da Frédéric Picard. Bincike da dama sun nuna tana rage yawan ƙafafun da ke karkacewa, kuma wani nazari na rajistar dashen gaɓɓai ta Ostireliya da aka wallafa a 2015 ya gano cewa 'yan ƙasa da shekara 65 da aka yi wa ita ba su cika komawa a sake musu aiki ba kamar sauran.

Sai dai tana tsawaita lokacin tiyata, tana ƙara kuɗi, kuma a wasu lokuta ƙalilan ƙashi kan tsage a inda aka kafa alamomin. Haka nan ba ta kawar da haɗarin ruɓar rauni da daskarewar jini a jijiya, waɗanda suka fi barazana ga masu ƙiba. Shi ya sa likitoci ke shawartar majiyyaci ya rage nauyi, ya kuma daidaita sukarin jininsa kafin ranar aiki.