Basasar da Ta Biyo Bayan Rasuwar Shehu

Wasan talabijin ɗin nan mai suna Rome, wanda kamfanin HBO da BBC suka shirya tsakanin 2005 da 2007, ƙanena ne ya tura mini shi a waya, yana ta kuranta min makircin da ke ciki. Labarin Yuliyas Kaisar ne da Fompi, abokan tafiya kuma surukan juna, waɗanda suka zare wa juna takobi a shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa. An kashe Fompi a Masar, an daddaɓa wa Kaisar wuƙa a majalisa, magadansa biyu, Oktabiyan da Antoni, suka raba daular gabas da yamma, daga baya su ma suka gwabza har ɗaya ya ga bayan ɗaya. Na kalla, ya ƙayatar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaron ya haddace sunayen Rumawa tas, amma da na ce masa Abdussalami, sai ya ɗauka janar ɗin Minna nake nufi. Alhali mu mutanen Sanyinna da sauran ƙasar Tambuwal, a tsakiyar filin tamu basasar muke noma.

Malam Abdussalami Ba'are ne, Bahaushe, ɗaya daga cikin almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na farko-farko, kuma cikin 'yan ƙalilan na manyan Jama'ar Shehu da ba Fulani ba. Da zama a Gobir ya yi zafi, sai ya kwashi mutanensa ya sauka a Gimbana, cikin ƙasar Kabi. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta faɗa wa garin, ta kashe na kashewa, ta ɗaure saura. Aka biyo da kamammun ta kusa da Degel, mazaunin Shehu, mutanensa suka tare hanya suka kwance su. Wannan ne ya tsinke igiyar da ta rage tsakanin Shehu da fadar Gobir ta Alƙalawa, har aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Wato jinin Gimbanawa aka fara zubarwa kafin yaƙin Tabkin Kwatto, kafin na Alwasa, kafin kome. Duk wanda ya manta da wannan ba zai gane ɗacin ran mutumin ba daga baya.

Alƙalawa ta faɗi a 1808. A 1812, Shehu yana Sifawa, ya raba ɗawainiyar mulki: yamma ga ƙanensa Malam Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Abdussalami ya sami 'yan garuruwa a ɓangaren yamma, a ƙarƙashin wani. Bai ga ya dace da wahalarsa ba. Aka ga yana faɗaɗa ikonsa, aka kira shi, aka zaunar da shi a Kware, arewa da Sakkwato kaɗan, inda ido zai riƙa kai wa gare shi. Ya yi wa garin ganuwa. Talakawan da ke kukan an ƙwace musu gona ko an kama musu ɗa ba bisa shari'a ba suka riƙa kwarara can.

Sai Shehu ya rasu a watan Afrilun 1817.

Abin da ya faru a kwanakin nan shi ne wurin da duk mai shirya wasan kwaikwayo zai fi zuba basirarsa. Malam Abdullahi yana Bodinga. Shi ne ƙane, shi ne wazirin Shehu, shi ne ya jagoranci yaƙi a Tabkin Kwatto, a ilimi kuwa ba a haɗa shi da kowa. Ya hau doki ya nufi Sakkwato, ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, ƙofar gari kuma a rufe. Bai ja daga ba. Ya juya, ya tare a Gwandu, zumunci ya yi sanyi tsakanin baffa da ɗa na 'yan shekaru. Ban ga laifin waɗanda suka gaggauta naɗin ba, don da labarin rasuwar ya bazu sai tawaye ya tashi ta ko'ina, musamman a Zamfara. Amma rufe ƙofa a gaban mutum irin Abdullahi ba ƙaramin abu ba ne, ko da me aka yi nufi.

A cikin wannan ruɗani Abdussalami ya ɗaga kai. Mun san abin da ya faɗa ne ta alƙalamin abokin gabarsa, domin Bello ya rubuta littafi a kan rikicin, Sard al-Kalam, ya kuma kwafe wasiƙun da suka yi musaya a ciki. Wannan kaɗai abin a yaba ne. Mai nasara ba kasafai yake adana hujjar wanda ya kayar ba. A ɗaya daga cikin wasiƙun Abdussalami ya zana taswirar ƙasa: gabas ta Bello, yamma ta Abdullahi, arewa ta sarkin yaƙi Aliyu Jedo, kudu ta 'ya'yan Shehu biyu, Atiku da Buhari. Sannan ya tambayi inda nasa kason yake. Buharin nan shi ne na Tambuwal. Ke nan ƙasar da nake zaune a kanta ina wannan rubutu tana cikin abin da ake jayayya a kai.

Ba kukan rabo kaɗai ya yi ba. Ya zargi wasu manya da zalunci da cin dukiyar talakawa da barin tafarkin da aka yi jihadi dominsa. Abin mamaki, kusan irin wannan ƙorafi ne ya sa Malam Abdullahi kansa ya bar runduna wajen 1807 ya nufi gabas, sai Kanawa suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam. Bambancin shi ne Abdullahi ya kai kukansa ga takarda, Abdussalami kuwa ya buɗe ƙofar Kware ga maƙiyan daula, yana ciniki da su, yana haɗa kai da masu tawaye. A nan Bello ya kafa hujjarsa: wanda ya taimaki abokan gaba a kan Musulmi ya fita daga sahu. Ni dai a ganina kukan Abdussalami yana da gaskiya a ciki, hanyar da ya bi ce ba ta da mafita. Ya manta Gobirawa da Zamfarawan da ya jingina da su ba gyaran Jama'a suke nema ba, rushe ta suke so.

Aka yi watanni ana kai wa juna hari a bakin Sakkwato. A farkon 1818 Kware ta faɗi. Abdussalami ya fita da raunin kibiya, ya kai Bakura, can rai ya yi halinsa.

Magana ba ta ƙare a nan ba. Ragowar mutanensa suka gangaro kudu maso yamma suka yi sansani a Kalambaina, ta ƙasar Gwandu, ba wadda kamfanin siminti yake ba a gefen Sakkwato. Malam Abdullahi ya yi ta fama da su, garin ya gagara. Wajen 1820 Bello ya taso da rundunarsa ya kawo wa baffansa gudummawa, aka ci garin. Labarin da aka gada ya ce da suka yi ido huɗu bayan yaƙi, Bello ya yi haramar sauka daga doki don girmama ƙanen mahaifinsa, sai Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya sunkuya ya gaishe shi da Sarkin Musulmi. Oktabiyan da Antoni sai da suka kai ga yaƙin Aktiyum kafin rabonsu na gabas da yamma ya warware. Namu rabon ya zauna, Sakkwato da Gwandu suka ci gaba a matsayin tagwayen fada har zuwan Turawa a 1903. Sai dai ina lura da cewa a kan gawar Gimbanawa aka yi wannan sulhu, kamar yadda a kan gawarsu aka fara jihadin.

Abdullahi ya rasu a Gwandu wajen 1829, Bello a Wurno a 1837. Shi kuwa Abdussalami ya bar ɗa, shi ma sunansa Buhari, wanda ya tsira daga Kalambaina. Daga baya ya miƙa wuya ga Gwandu, aka karɓe shi, aka bar shi ya kafa gari a bakin gulbin Zamfara, ba nisa da tsohuwar Gimbana. Garin shi ne Jega. Kafin ƙarni ya ƙare kasuwarta ta shiga sahun manyan kasuwannin daular, fatake daga Nufe da ƙasar Yarbawa da Gwanja suna sauke kaya a cikinta. Har yau zuriyar Gimbanawa ke riƙe da sarautar Sarkin Kabin Jega, kuma daga Tambuwal ɗin Buharin Shehu zuwa Jegar Buharin Abdussalami, in ka bi ta Aliero, tafiyar ba ta kai awa guda a mota.