Lafazi ko Zuciya: Tarihin Kiran Sunayen Alloli a Addinin Hindu

A nazarinmu na tarihin addinai mun iso ƙasar Indiya, inda wata tambaya ta daɗe tana damun masu ibada: idan mutum ya kira sunan abin bautarsa da gurɓataccen lafazi, an ji shi ko ba a ji shi ba? Hindu sun ba da amsa iri biyu, kuma duka biyun suna nan da rai har yau.

Amsa ta fari ta fito daga zamanin littattafan Veda. Mafi tsufa a cikinsu, Rigveda, yana da waƙoƙi 1,028 a harshen Sanskirit, waɗanda masana ke ganin an tsara su tsakanin 1500 da 1200 kafin haihuwar Almasihu. Ɗaruruwan shekaru ba a rubuta su ba, sai dai ɗalibi ya karɓa daga bakin malaminsa. A wurin firistocin Brahmin, ikon hadaya yana cikin sautin kansa. Saboda haka suka kafa ilimin lafazi mai suna Shiksha, ɗaya daga cikin fannoni 6 da ke hidima ga Veda, wanda ya bayyana mafitar kowane harafi, tsawon wasali, da hawa da saukar murya. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, tun da karin sauti ne kawai ya raba kukan yaro da kukar miya.

Akwai labarin da suke gargaɗin ɗalibai da shi, a littafin Shatapatha Brahmana. Wani allahnsu, Tvashtri, ya yi hadaya yana neman ɗan da zai kashe Indra. Da ya zo kan kalmar "indrashatru" sai ya ɗaga murya a gaɓar farko maimakon ta ƙarshe, ma'ana ta juye ta zama wanda Indra zai kashe. Aka haifi ɗan, wato Vritra, Indra kuwa ya hallaka shi. Masanin nahawu Patanjali ya kawo wannan misali a ƙarni na 2 kafin Almasihu, domin ya nuna amfanin koyon nahawu.

Don kada ko gaɓa ɗaya ta ɓace, suka ƙirƙiro hanyoyin hadda masu wuya. A hanyar da ake kira krama ana karanta kalmomi bibbiyu: ta 1 da ta 2, ta 2 da ta 3. A jata ana tafiya gaba, a dawo baya, a sake yin gaba. Ghana ta fi su sarƙaƙiya, gama tana juya kalmomi uku-uku. Dabarar ta yi aiki ƙwarai, har a 2003 hukumar UNESCO ta sa rera Veda cikin manyan al'adun baka na duniya. Amma tsarin ya bar jama'a da yawa a waje. Maza 'yan manyan azuzuwa uku ne aka yarda su koya, littattafan dokokinsu kuma sun hana 'yan ajin Shudra ko da sauraro. Mata ma galibi ba su da rabo.

Amsa ta biyu ta zo da tafarkin bhakti, wato miƙa kai cikin ƙauna. Daga wajen ƙarni na 6 zuwa na 9 bayan Almasihu, mawaƙan Alvar da Nayanar a kudancin Indiya suka riƙa yabon Vishnu da Shiva da harshen Tamil, cikinsu har da mata da 'yan ƙananan azuzuwa. Littafin Bhagavata Purana ya ba da labarin Ajamila, Brahmin da ya lalace, wanda a bakin mutuwa ya kira ɗansa Narayana. Da yake wannan sunan Vishnu ne, aka cece shi, ko da yake ɗansa yake nufi. Haka kuma ana ba da labarin Valmiki ɗan fashi, wanda bakinsa ya kasa furta Rama, sai ya yi ta maimaita "mara" har gaɓoɓin suka juye suka zama sunan. Tulsidas ya yi nuni da wannan a Ramcharitmanas, wanda ya fara a 1574 da harshen jama'a, Awadhi. A Bengal kuwa Chaitanya, wanda aka haifa a 1486, ya fitar da rera sunan Krishna zuwa tituna, kowa da kowa yana amsawa.

Da sunan ya shiga bakin jama'a, lafazi ya rarrabu. Wasalin farko na sunan Krishna a Sanskirit wani sauti ne mai kama da "r". Mutanen arewa suna cewa Krishna, na Maharashtra da Odisha Krushna, a Braj ana jin Kanha, Tamilawa kuma suna cewa Kannan. Muhawarar ta sake tashi bayan Swami Prabhupada ya kafa ƙungiyar Hare Krishna a birnin New York a 1966, Turawa da 'yan Afirka suka soma rerawa da nasu harshen. Matsayin da ya fi yaɗuwa yanzu shi ne a tsananta lafazi a karatun Veda, a sassauta a waƙoƙin bhajan da kirtan.

Mu da muka yi nazarin Tsohon Alkawari mun san wata hanya ta uku. Yahudawa sun daina furta sunan nan mai baƙaƙe huɗu saboda girmamawa, suna cewa Adonai a madadinsa, har ainihin lafazinsa ya ɓace, sai dai masana su yi kirdado da Yahweh. Ke nan al'umma ɗaya ta tsare suna ta wurin hadda, wata ta wurin shiru. Idan muka zauna da mai bin addinin Hindu, ya kamata mu fara gane wace amsa yake riƙe da ita, domin firist mai karatun Veda da tsohuwa mai rera bhajan ba abu ɗaya suke nufi da "daidai" ba.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me tsananta lafazi ya kiyaye a Indiya, su wa kuma ya hana shiga?
2. Ta yaya labarin Tvashtri da na Ajamila suka saɓa wa juna game da inda ikon suna yake?